Gano matsalar amfilifayar jita, daga wayar wuta har zuwa lasifika

Amfilifayar jita da ke zuwa teburin mai gyara, galibi da ɗaya daga cikin koke huɗu take zuwa: ko ta mutu ɗungurungum, ko tana ƙona fiyus, ko tana gurnani, ko kuma sauti na zuwa yana ɗaukewa. Duka huɗun hanya ɗaya ake bi musu. A fara daga inda wuta ke shiga, a auna, sannan a ɗauki ƙarfen dalma. Wanda ya yi wuf ya cire IC, wato ɗan guntun nan mai ƙafafu da yawa da ke ɗauke da da'ira a cikinsa, don kawai ita aka saba zargi, sau da yawa sabuwar ma ƙonewa take yi, domin an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Amfilifayar iri biyu ce. Akwai mai aiki da taransisto ko IC, ita ce ta fi yawa a hannun makaɗa, akwai kuma mai bawul na gilashi, wadda ba ta da yawa amma ta fi haɗari nesa ba kusa ba.

Kafin ka sa hannu ciki

Cire filogi daga bango ba ya nufin wuta ta ƙare. Manyan kafasitocin tace wuta suna riƙe caji, kuma a amfilifaya mai bawul cajin yakan kai 300V zuwa 500V na DC, wanda ya isa ya tsayar da zuciyar mutum. Ka haɗa abin sauke caji: rezista 100k mai 5W, da waya mai kauri a kowane gefe, a lulluɓe da roba. Ka maƙala gefe ɗaya a bodin ƙarfe, ka taɓa ɗaya gefen a ƙafar kafasita mai alamar +. Kafasita 100µF da ke ɗauke da 450V za ta ɗauki kimanin daƙiƙa 40 kafin ta sauka ƙasa da 10V ta wannan rezistar. Kada ka yarda da lissafi kawai, ka ɗora mita ka gani da idonka. Masu haɗe ƙafafun da sukundireba suna jin tartsatsi su ɗauka aiki ya yi kyau, alhali suna cinye ƙarfen ƙafar ne, suna kuma raunana kafasitar.

Idan dole ka auna tana kunne, baƙar wayar mita ta zauna a maƙale da bodi, ka yi aiki da hannu ɗaya, ɗayan yana bayanka. Ka cire zobe da agogo, ka sa takalmi. Amfilifaya mai bawul kuma ba a kunna ta babu lasifika a jone, domin taransifomar fitar sauti za ta iya hudewa daga ciki.

Abu na gaba shi ne karanta farantin da ke bayanta. Wutar Najeriya da Nijar 220V zuwa 230V ce a kan 50Hz, ta Amurka kuwa 120V a kan 60Hz. Kayan gwanjo da yawa da aka kawo daga can sun mutu ne a ranar farko da aka jona su kai tsaye. Irin waɗannan suna buƙatar taransifomar rage wuta wadda ƙarfinta ya ninka abin da aka rubuta a farantin, kuma ko da ita za ka ga taransifomar cikin ta fi ɗaukar zafi, saboda an naɗa ta ne don 60Hz. Tsofaffin na Amurka masu filogi mai baki biyu sukan zo da kafasita 0.047µF tsakanin wayar wuta da bodi. A cire ta, a sa waya mai uku, a ɗaure layin ƙasa a bodi da noti. In ta lalace tana wurin, wutar gida za ta hau tsirkiyar jitar.

Ƙwan gwaji

Babu kayan aikin da ya kai wannan araha da amfani. Ka samo ƙwan lantarki irin na da, mai zare a ciki, 60W ga ƙaramar amfilifaya, 100W ga babba. Na LED da mai ceton wuta ba sa yi. Ka yanke wayar wuta mai rai ta wata ƙaramar ekistanshan, ka sa ƙwan a tsakani, yadda duk wutar da za ta shiga amfilifayar sai ta ratsa ta cikinsa.

In ka kunna, lafiyayyar amfilifaya za ta sa ƙwan ya yi haske na ɗan lokaci yayin da kafasitoci ke cika, sai ya dushe ya koma ja-ja ko ya mutu. In ya tsaya da cikakken haskensa, akwai inda wuta ta haɗe, kuma ƙwan ya shanye abin da da fiyus ko taransifoma ne za su sha. Da shi za ka yi ta gwaji ba tare da ƙona komai ba.

Fiyus kuwa a mayar da irinsa. Harafin T a jikinsa, kamar T1A, yana nufin mai jinkirin ƙonewa, wanda ke jure fizgar farko ta kunnawa. In ka sa mai F a gurbinsa zai riƙa tsinkewa ba gaira ba dalili. Ɗaura masa zaren waya ko takardar sigari kuwa hanya ce ta mayar da gyaran fiyus ya zama sayen taransifoma.

Sashen wuta, inda rabin matsalolin suke

A ce ƙwan ya tsaya da haske. Ka kashe, ka sauke caji, ka cire wayoyin da ke fita daga taransifoma zuwa fanel, wato allon da aka lika kayan a kai, ka naɗe bakinsu da tef, ka sake kunnawa. In har yanzu yana haske, naɗin taransifomar ya haɗe a ciki, sai sake naɗi ko canji. In ya dushe, taransifoma ta kuɓuta, matsalar tana gaba.

In kuma amfilifayar shiru take, fiyus lafiya, ka auna om tsakanin baki biyu na filogi, makunni a kunne, ba a jone da bango ba. Ƙaramar taransifoma za ta nuna om kaɗan zuwa wasu gomomi. In mita ba ta motsa ba, ko waya ta katse, ko makunni, ko fiyus na zafi da akan ɓoye ƙarƙashin takardar naɗin ya buɗe.

Daga nan sai dayod. Ka sa mita a kan alamar dayod: lafiyayye zai nuna 0.5V zuwa 0.7V ta fuska ɗaya, ba komai ta ɗaya fuskar. Wanda ya nuna kusan sifili ta kowane ɓangare ya haɗe. A kan fanel awon yakan yi ruɗu saboda kafasitocin da ke kewaye, don haka in ka yi shakka ka ɗaga ƙafa ɗaya. Dayod 1N4007 na ɗaukar 1A, 1N5408 na ɗaukar 3A, dukansu har 1000V. In ɗaya ya mutu cikin huɗu, ka canza su duka.

Ya kamata ka san adadin da kake nema tun kafin ka ɗora mita. Wutar DC a kan kafasita ita ce AC ɗin taransifoma sau 1.4, a cire abin da dayod suka ci. Taransifoma 12V za ta ba da kusan 15.5V. Mai 18-0-18 za ta ba da kusan +24V da −24V. Ɓangarorin biyu su zo kusa da juna. In ɗaya 24 ne ɗayan 17, ko kafasitar wannan ɓangaren ta bushe, ko dayod ɗinsa ya buɗe, ko wani abu na jan wuta fiye da kima.

Kafasitar da ta kumbura ko ta yi zubar ruwa ba ta buƙatar awo. Matsalar ita ce wadda ta bushe amma jikinta sumul. Ga yadda za ka kama ta: ka sa mita a AC, ka jona kafasita 100nF mai ƙarfin 630V a jere da jar waya, domin mitoci masu araha suna ruɗewa idan akwai DC, sannan ka auna a kan layin. Abin da ka gani shi ne ragowar rawar AC da ba a tace ba. Lissafinsa daga ƙololuwa zuwa ƙasa shi ne amfiya a raba da 100 sau girman kafasita da farad. Jan 1A a kan 4700µF zai ba da kusan 2V, amma mita za ta nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na hakan. Amfilifayar IC da ke zaune ba ta kiɗa ba ta jan ko kusa da 1A, saboda haka in ka ga bolt guda ko fiye a wannan hali, kafasitar ta gama aiki. Wajen canji, ƙarfin bolt ya zama daidai ko sama, kuma ka nemi mai 105°C maimakon 85°C. A zafin bazara, cikin akwatin da aka rufe, bambancin na shekaru ne.

Sai masu daidaita wuta na sashen farko, wato sashen da sautin jita ke fara shiga, 7815 da 7915. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa ƙafafunsu iri ɗaya ne. In rubutu na kallonka, 7815 shiga ce, ƙasa, fita. 7915 kuwa ƙasa ce, shiga, fita, kuma ƙarfen bayanta a jone yake da wutar shiga, saboda haka ba a ɗaure ta a bodi sai da maika, wato siririn fallen da ke hana wuta ratsawa, a tsakani. Kowace tana son wutar shigarta ta ɗara ta fita da aƙalla 2V zuwa 2.5V. A nan ne bayanin wata matsala yake da ke wahalar da masu gyara: amfilifaya lafiya lau a shago da rana, da dare a wurin biki sai gurnani. Taransifoma 15V a kan wutar 230V tana ba da kusan 19.8V, wanda ya ishi 7815. Wuta ta faɗi zuwa 190V, abin da ke isa gare ta ya koma kusan 16V, ta daina daidaitawa, rawar AC ta wuce kai tsaye. Babu abin da ya lalace a ciki, sitabilaiza ake buƙata. Akasin haka ma yana faruwa da ƙaramin janareta da ke hauhawa idan aka sauke masa kaya: layin da ke 20V a kan 230V zai haura 22V idan wuta ta kai 260V, alhali 22V ce iyakar IC ɗin ƙarfi TDA2030A. Masu kiɗan biki da ke aiki da janareta a fili, wannan abokin gabar kayansu ne.

Wasu kamfanonin ba sa sa 7815, sai rezista babba da zena, wato dayod mai tsayar da wuta a adadi ɗaya. Rezistocin suna zafi sosai, dalmar ƙafarsu ta tsage, fanel ya yi baƙi. An san amfilifayar Fender Hot Rod Deluxe da wannan: rezistoci biyu 470Ω masu 5W, waɗanda in dalmarsu ta saki sai tashar sautin amfilifayar ta riƙa sauya kanta. A sake musu dalma, a ɗaga su kaɗan daga fanel don iska ta ratsa.

Sauraron gurnani

Kunne ma mita ne. Gurnani mai kauri, na can ƙasa, 50Hz ne, kuma yana nuna layin ƙasa, ko wayar sauti da ta bi kusa da taransifoma, ko wayoyin hitar bawul. Wanda ya ɗan fi tsini, mai kama da zuzzz, 100Hz ne, daga tace wuta yake. Ka zare jita, ka rufe bolum. In gurnanin ya tafi, daga gaban bolum yake shigowa: jak ɗin shiga wanda harshensa ya daina haɗe layin da ƙasa idan an zare waya, ko sashen farko. In bai tafi ba, sashen wuta ne ko na ƙarfi.

IC ɗin ƙarfi

Ƙananan amfilifayoyi na 10W zuwa 30W yawanci TDA2030A, TDA2050 ko LM1875 ne a ciki, kuma tsarin ƙafafunsu ɗaya: 1 da 2 shiga, 3 wutar −, 4 fita, 5 wutar +. Ka cire wayar lasifika, ka kunna ta ƙwan gwaji, ka auna DC tsakanin ƙafa ta 4 da ƙasa. A mai wuta biyu, wato mai layin + da layin −, ƙasa da 50mV lafiya ne. In ka ga cikakken +20V ko −20V, ka fara tabbatar da cewa duka layukan biyu suna isa ƙafa 3 da 5, domin rashin ɗaya yana jawo hakan. In suna isa, IC ta haɗe. A mai wuta ɗaya kuwa, ƙafa ta 4 tana zama a rabin wutar, kafasita babba ce ke tare DC daga lasifika.

Kafin ka sa sabuwa ka nemo abin da ya kashe tsohuwar. Ka auna lasifika: mai 8Ω takan nuna 6Ω zuwa 7Ω, mai 4Ω kusan 3Ω. In ta nuna 1Ω, naɗinta ya ƙone. Ka tambayi mai ita ko ya ƙara wata lasifikar a kai, domin biyu masu 4Ω a haɗe gefe da gefe 2Ω ne, kuma waɗannan IC ba sa jure hakan. Ka duba maikar da ke bayanta: ƙarfen bayan a jone yake da ƙafa ta 3, in farantin sanyaya yana taɓa bodi dole a raba su da maika da wosha ta roba a kan noti. Bayan ɗaurewa ka auna om tsakanin bayan IC da farantin, kada ya nuna haɗi. Man zafi kaɗan ake shafawa, ba lafta shi ake yi ba. Jabun waɗannan IC sun cika kasuwa, suna aiki a ƙaramin sauti su mutu da an buɗe bolum, don haka wadda aka ciro daga tsohon fanel na asali ta fi sabuwa mai arahar da ta wuce hankali.

A sashen farko za ka tarar da ƙaramar IC mai ƙafa takwas, TL072 ko 4558. Ƙafa 8 wutar +, ƙafa 4 wutar −, 1 da 7 fita. Fitar da ta manne da ɗaya daga layukan wuta maimakon ta zauna kusa da sifili ita ce alamar wadda ta mutu.

Sauti na zuwa yana ɗaukewa

Wannan da wuya ya zama babban abu. Ƙurar hunturu tana shiga bolum da jak. In amfilifayar tana da ramukan Send da Return, ka haɗa su da gajeriyar waya. In sauti ya dawo, harshen cikin jak ɗin ne ya yi datti, a fesa masa ruwan wanke kontak. Ban da man inji, ban da fetur. Jak ɗin shiga da aka lika kai tsaye a fanel yana shan fizga kullum, ka duba dalmarsa da gilashin ƙara girma za ka ga zobe siriri ya kewaye ƙafar. Ka zuƙe tsohuwar dalmar ka sa sabuwa. Sauran wuraren, ka riƙa ƙwanƙwasa kayan ɗaya bayan ɗaya da busasshen tsinken itace tana kunne, inda sauti ya amsa nan ne.

In babu sauti sam kuma wuta duk daidai, ka sa waƙa daga waya a jak ɗin shiga, ka ɗauki wata ƙaramar amfilifaya, ka sa kafasita 100nF mai 630V a bakin wayar shigarta, ka haɗa ƙasansu, ka bi sautin mataki-mataki har inda ya ɓace.

Mai bawul

In tana ƙona fiyus, ka zare manyan bawul ɗin ƙarfi ka gwada ta ƙwan gwaji. In ya dushe, ɗayansu ya haɗe. Bawul ɗin da ya haɗe yakan tafi da rezistar da ke kan ƙafarsa da ake kira sikirin, 470Ω a yawancin amfilifayoyin Fender masu bawul 6L6, 1k a na Marshall masu EL34, don haka ka auna ta kafin ka sa sabo.

Tun bawul ɗin suna waje, ka auna ƙafa ta 5 a soket. A 6L6, 6V6 da EL34, ƙafa 3 faranti ce, 4 sikirin, 5 girid, 8 katod, 2 da 7 hita mai 6.3V. A amfilifayar da ake ba girid wutar −, dole ka ga wannan wutar a kowane soket, kusan −50V ga 6L6 da ke kan 450V. In babu ita, ko ta ragu a soket ɗaya, kada ka mayar da bawul. Farantinsa zai yi ja cikin minti kaɗan. Raguwa a gefe ɗaya yawanci kafasitar haɗi ce, 0.022µF ko 0.1µF, ke yoyon DC daga matakin baya.

Daidaita jan wutar bawul lissafi ne mai sauƙi. 6L6GC na jure 30W, EL34 25W, EL84 12W. A tsarin bawul biyu masu turawa da ja, ana tsayawa a kashi 70 cikin ɗari ko ƙasa. Ga 6L6GC, 21W ke nan, a raba da 450V, kusan 46mA. Ka sa rezista 1Ω tsakanin ƙafa 8 da ƙasa, kowane mV da mita ta nuna a kanta mA ɗaya ne. Ga ƙaramin bawul 12AX7 mai rezista 100k a faranti da 1.5k a katod, ka sa ran 1V zuwa 2V a ƙafa 3 da 8, da 150V zuwa 250V a ƙafa 1 da 6. Faranti da ya nuna cikakkiyar wutar layi tare da katod a sifili, bawul ɗin ba ya jan komai. Faranti a sifili, rezistar 100k ta buɗe. In bawul ne ke mayar da AC zuwa DC, kada ka ƙara girman kafasitar farko don kashe gurnani: iyakar irin wannan bawul da ake kira GZ34 60µF ce.

Fanel ɗin da aka haɗa a gida

Na kamfani ya taɓa aiki kafin ya lalace. Na gida kuwa mai yiwuwa bai taɓa zama daidai ba, saboda haka ana zargin komai, har da zanen. Wanda ya kwafa zane da dutsen guga ya manta bai juya shi ba, ƙafafun IC za su fito a birkice. Ka ɗaga fanel ɗin a gaban fitila mai haske: layin tagullar da ruwan ferik kulorayid ya cinye fiye da kima zai nuna tsaga kamar gashi, wanda bai cinye sosai ba zai bar gada tsakanin layuka biyu. A kan bero, wato fanel mai ramuka da jerin layukan tagulla da ake saye a shirye, ka bi duk inda aka yanke layi da mita, domin ɗan silin tagulla yakan rage a gefen ramin. Dalmar 60/40 mai kyau tana sheƙi, ta kwanta a ƙafa da tagulla tare. Wadda ta dunƙule kamar ƙwallo ba ta kama ba, ƙarfen bai yi zafi ba ko tagullar ba ta da tsabta. Zafin 330°C zuwa 350°C ya isa.

Ka sa soket, kada ka lika ƙananan IC kai tsaye. Ka fara ba fanel wuta babu IC, ka auna ramin ƙafa 8 da 4. Ga da'irar batir 9V, ka sa rezista 100Ω a jere da batirin a gwajin farko. TL072 ɗaya tana jan kusan 3mA, wato 0.3V a kan rezistar. In ka ga 5V, akwai abin da aka juya. Fedal, wato akwatunan sauya sautin jita da ake takawa, irin na kamfanin Boss tsakiyar filoginsu − ne, akasin yawancin adafta, kuma wannan kaɗai ya kashe da'irori da dama. Mai son 9V mai tsabta daga mai daidaita wuta LM317, ya sa rezista 240Ω da 1.5k, ya tuna ƙarfen bayanta fita ne.

IC ɗin ƙarfi da ke zafi alhali ba a kiɗa, tana kaɗawa ne a sautin da kunne ba ya ji. Magani uku ne. Kafasita 100nF a kowace ƙafar wuta zuwa ƙasa, a manne da IC ɗin, ba can nesa ba. Rezista 1Ω da kafasita 220nF a jere daga fita zuwa ƙasa ga TDA2030A da LM1875. Sannan a raba wayar shiga da ta lasifika, kada su bi hanya ɗaya. Layin ƙasa kuma kada a ja shi kamar sarƙa daga wannan zuwa wancan: na lasifika, na shiga da na IC kowanne ya tafi da wayarsa su haɗu a wuri guda kusa da manyan kafasitoci. In ƙasan shiga ya bi layin da cajin kafasita ke bi, gurnanin 100Hz ba zai tafi ba ko ka ninka kafasitar sau goma. Layukan wuta da na lasifika a ba su faɗin aƙalla milimita ɗaya ga kowane amfiya.

Bayan gyara, ka cire ƙwan gwaji, ka jona rezista 8Ω mai 50W a gurbin lasifika, ka sa sautin 400Hz daga waya, ka auna AC a kan rezistar. Bolt sau kansa a raba da 8 shi ne ƙarfin fita, 11V kusan 15W ke nan. Ka rage zuwa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin, ka bar ta rabin awa a cikin akwatinta a rufe, ka sake auna layukan wuta da DC ɗin fita tana da zafi. Farantin sanyaya da ba za ka iya riƙe yatsa a kansa na daƙiƙa uku ba ya yi ƙanƙanta, ko IC ba ta kwanta a kansa da kyau ba.